Shin Jamal Musiala ya yi daidai da ya zaɓi Jamus, kuma ya ƙi barin Bayern Munich?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota ƙwallon ƙafa. Akwai wata muhawara da ta daɗe tana tasowa a gidan kallon da muke zuwa, kuma tun ranar 5 ga Yulin 2025 da Jamal Musiala ya karye a wasan Bayern Munich da PSG ta sake zafi, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta nan domin in ji ra'ayin waɗanda suka fi ni bibiyar lamarin.

Wani abokina ya kafe a kan cewa yaron nan ya yi kuskure sau biyu a rayuwarsa ta ƙwallo. Na farko, a cewarsa, shi ne da ya bar Ingila ya koma buga wa Jamus, alhali Ingila ta kai wasan ƙarshe na Gasar Kofin Nahiyar Turai sau biyu a jere, ita kuwa Jamus ko zagayen rukuni ba ta tsallake ba a Kofin Duniya na 2022. Na biyu shi ne da ya sabunta kwantiraginsa da Bayern har zuwa 2030, maimakon ya bi sahun sa'ansa Jude Bellingham, wanda ya tafi Real Madrid a 2023 kuma ya ɗaga Kofin Zakarun Turai a kakarsa ta farko. Ni ina son wasan Musiala ƙwarai, domin a zamanin nan ban ga wanda ya fi shi iya ratsa mutane uku a wuri matsattse ba, amma na rasa hujjar da zan mayar wa abokin nawa. Ina kuma so a fayyace mini ko da gaske ne yana da damar buga wa Najeriya.

Tsohon Koci ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a yanke wa mutum hukunci a kan zaɓinsa, ya kamata a san inda ya fito, domin da yawa daga cikin masu cewa ya "bar Ingila" sun ɗauka cewa can aka haife shi. An haifi Musiala ne a birnin Stuttgart na Jamus ranar 26 ga Fabrairun 2003, mahaifiyarsa Bajamushiya ce, mahaifinsa kuma ɗan asalin Najeriya ne, kuma a yankin Fulda ya fara taka leda yana ƙaramin yaro. Sai da ya kai shekara bakwai iyalinsa suka koma Ingila, inda ya yi 'yan watanni a makarantar horar da yara ta Southampton, sannan Chelsea ta ɗauke shi ya shafe kimanin shekara takwas a wurinta. A Yulin 2019, yana da shekara 16, ya koma Jamus ya shiga Bayern. Saboda haka yaro ne da ƙasashe biyu suka yi renonsa, kuma kowacce tana da haƙƙi a kansa.

Gaskiya ne ya buga wa Ingila a matakan ƙananan shekaru, har zuwa tawagar 'yan ƙasa da shekara 21 a Nuwamban 2020, inda ya ci ƙwallo a wasansu da Albaniya. Amma abin da nake so ka lura da shi shi ne halin da manyan tawagogin biyu suke ciki a lokacin da zai yanke shawara. Ingila tana da Foden da Mount da Grealish da Maddison da Sancho da Saka, ga Bellingham yana tasowa, dukansu suna neman gurbi biyu ko uku a bayan Harry Kane. Jamus kuwa tana cikin ƙishirwar irinsa: an fitar da ita a zagayen rukuni a Kofin Duniya na Rasha a 2018, kocinta Joachim Löw ya ajiye Thomas Müller tun Maris ɗin 2019, sannan Sifaniya ta lallasa ta da ci 6 da nema a Nuwamban 2020. Ranar 23 ga Fabrairun 2021 Musiala ya ci Lazio a Gasar Zakarun Turai saura kwana uku ya cika shekara 18, washegari ya sanar da cewa Jamus zai buga wa, kuma ranar 25 ga Maris ya fara buga mata a wasansu da Iceland.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata. A Kofin Duniya na 2022 a Katar, yana da shekara 19, shi ne ɗan wasan da dukan hare-haren Jamus suke bi ta kansa, kuma da shi aka fara wasanni ukun da suka buga. Bai ci ko ɗaya ba, ya buga turke sau biyu a wasan Costa Rica, amma daga ƙafarsa ƙwallon da Füllkrug ya farke wa Sifaniya ta fito. A gasar Turai ta 2024 da aka yi a gida ya ci Scotland, ya ci Hungary a Stuttgart garin haihuwarsa, ya ci Denmark, ya kasance cikin mutum shida da suka raba kyautar wanda ya fi cin ƙwallo da ƙwallaye uku-uku, aka kuma saka shi a jerin gwarazan gasar. A wannan gasar dai Grealish da Maddison a gida kocin Ingila Southgate ya bar su. Ba na cewa da Ingila ta ajiye Musiala a benci, amma ina da yaƙinin cewa ba za a gina tawaga a kansa yana ɗan shekara 19 kamar yadda Jamus ta yi ba.

Mai Kishin Super Eagles ya amsa:

Malam Koci, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar da ni ta fuskar Ingila da Jamus, sai dai ina so in tsaya a kan tambayar ƙarshe da mai tambaya ya yi. Eh, a dokar FIFA ɗan wasa yana iya wakiltar ƙasar da aka haifi mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga cikin kakanninsa matuƙar yana da takardar zama ɗan ƙasar, don haka ƙofar Najeriya a buɗe take gare shi ta wajen mahaifinsa. Yanzu kuwa ta rufe har abada, domin gyaran da FIFA ta yi a 2020 ya ba da damar sauya ƙasa ne kawai ga wanda bai wuce wasa uku a babbar tawaga ba kafin ya cika shekara 21, kuma bai taɓa bugawa a babbar gasa irin Kofin Duniya ba.

Ina jin zafin rashinsa, ba zan ɓoye ba, kamar yadda nake jin zafin Saka da ya tsaya wa Ingila, da Olise da ya zaɓi Faransa, da Alaba da ya yi wa Austria hidima tun yana matashi. Amma ban ga laifin Musiala ba ko kaɗan. Idan muka duba waɗanda suka dawo mana, irin su Victor Moses da Iwobi da Ola Aina da Lookman, za mu ga cewa akasarinsu sun zo ne a lokacin da hanyar babbar tawagar Ingila ba ta buɗe musu sosai ba. Lookman ya ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da Ingila a 2017, bai fara buga wa Najeriya ba sai 2022, kuma cikin shekara biyu ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka. Shi Musiala ƙasashe biyu da suka taɓa cin Kofin Duniya ne suke zawarcinsa yana da shekara 17, kuma a cikinsu ya yi dukan rayuwarsa. Wanda bai yi zaman wuri ba, da wuya a nemi ya fifita shi a kan inda ya tashi.

'Yar Damagaram ta amsa:

Ina yi wa kowa sallama. Na yarda da Baba Koci a kan batun ƙasa, amma a kan batun ƙungiya ina ganin abokin mai tambaya yana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a wuce maganarsa da sauri ba.

Babu mai musun abin da Bayern ta yi masa. Kocinta Hansi Flick ne ya saka shi a wasansa na farko a Bundesliga, babbar gasar Jamus, da Freiburg a Yunin 2020 yana da shekara 17, a Satumban shekarar ya ci ƙwallo a wasan da suka doke Schalke 8 da nema, abin da da wuya ya samu a Chelsea a wannan shekarun. Shi ma ya saka mata da alheri, idan aka tuna da ranar 27 ga Mayun 2023 a Köln, lokacin da kofin Bundesliga ya riga ya kama hanyar Dortmund, ya shigo daga benci ya ci ƙwallo a minti na 89, Bayern ta ɗauki gasar karo na 11 a jere da bambancin ƙwallaye kawai, ƙungiyoyin biyu kowacce da maki 71.

Damuwata ita ce Gasar Zakarun Turai, wadda ita ce ma'aunin da duniya take auna manyan 'yan wasa da shi. Tun da ya zama ɗan wasan da ake dogaro da shi, PSG ta fitar da Bayern a 2021, Villarreal a 2022, Manchester City a 2023, Real Madrid a wasan kusa da na ƙarshe a 2024, sai Inter a 2025, wadda ma bai buga ba saboda raunin cinya da ya samu a Augsburg a farkon Afrilu. A cikin wannan ɗan lokaci ya yi aiki a ƙarƙashin Flick da Nagelsmann da Tuchel da Kompany, kowanne da tsarinsa, wani ya ajiye shi a gefen hagu, wani a tsakiya, wani a bayan mai cin ƙwallo. Kofunan Bundesliga biyar da ya ɗauka zuwa 2025 abin alfahari ne, amma a ƙungiyar da ta saba cin gasar kusan kowace shekara, ba su ɗaga darajar mutum ɗaya kamar yadda dare ɗaya a wasan ƙarshe na Turai yake yi.

Tsohon Koci ya sake amsawa:

'Yata, maganarki tana da nauyi, amma ki dubi ɗaya gefen. A Real Madrid, bayan zuwan Mbappé a 2024, Bellingham da kansa sai da aka ja da shi baya domin a samar wa wasu wuri. A Bayern kuwa Müller ya tafi, Sané ya tafi, aka miƙa wa Musiala riga mai lamba 10 bayan ya daɗe yana saka lamba 42, wato ƙungiyar ta bayyana ƙarara cewa shi ne ginshiƙinta na shekaru masu zuwa. Ɗan wasa irinsa, mai buƙatar ƙwallo a ƙafarsa kowane lokaci, ya fi amfana a inda za a ba shi ragama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba zaɓinsa ba ne, lafiyarsa ce. Ranar 5 ga Yulin 2024, a wasan Jamus da Sifaniya na gasar Turai, harbinsa ne ya bugi hannun Cucurella a ƙarin lokaci, alƙalin wasa Anthony Taylor bai ba da fenariti ba, Merino ya ci a minti na 119, aka fitar da Jamus. Shekara guda cif bayan haka, a Atlanta, ya yi karo da mai tsaron gidan PSG Donnarumma, ƙaramin ƙashin ƙwaurinsa ya karye, idon sawunsa ya goce. Wasan Musiala duka a idon sawu yake, a juyawa cikin ƙiftawar ido da sauya hanya ba tare da rage gudu ba. Na horar da yara a filayen unguwa shekaru da yawa, na kuma ga yadda ƙashi yake warkewa amma tsoron saka ƙafa ya daɗe bai bar mutum ba. A irin wannan hali, zama a ƙungiyar da ta ɗaure kanta da shi har 2030, wadda ba za ta gaggauta shi ba, ya fi masa alheri a kan sabon wuri da za a fara ƙirga masa kuɗin da aka kashe.

Ɗan Fagge ya rufe da cewa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Batun ƙasa na samu amsar da zan kai wa abokina, musamman maganar Grealish da Maddison da ban taɓa kawo ta a raina ba. Batun Bayern kuwa har yanzu zuciyata ta fi karkata ga abin da Yaya 'Yar Damagaram ta faɗa, domin zai cika shekara 27 kafin kwantiragin ya ƙare, kuma idan har lokacin bai buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai ba, zan ji cewa an yi asarar shekarun da ya fi ƙarfi. Allah ya ba shi cikakkiyar lafiya, mu sake ganinsa yana yanka kamar da.