Neman shawara: gwada sabon LibreOffice ba tare da goge tsohon ba

Mai shagon buga takardu, Tahoua

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da ƙaramin shago inda nake buga wa mutane takardu, mafi yawansu ɗaliban jami'a masu rubuta kundin kammala karatu, kuma tun ƙarshen 2023 nake aiki da LibreOffice 7.6, manhajar rubutu da lissafi a kwamfuta, ba tare da ya ba ni wahala ba. Yanzu ina son gwada nau'insa na 24.8, amma an gaya mini cewa da zarar na saka shi zai maye gurbin tsohon. Kwamfuta ɗaya gare ni, da ita nake ciyar da iyali, kuma a wannan watan kundaye sun taru a hannuna, saboda haka ba zan yarda shafi ko ɗaya ya hargitse ba. Akwai hanyar da biyun za su zauna tare?

Mai gyaran kwamfuta, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka gaya maka: a Windows, saka shi ta hanyar da aka saba yana cire tsohon. Abin da za ka yi shi ne ka sauko da fayil ɗin msi, wato fayil ɗin saka manhajar, sannan maimakon ka danna shi sau biyu, ka buɗe shi da umarnin msiexec /a, wanda zai zazzage kayan manhajar cikin jakar da ka zaɓa ba tare da ya taɓa wadda ke kan kwamfutar ba. Daga nan ka shiga jakar program, ka buɗe bootstrap.ini, ka mayar da layin UserInstallation ya zama $ORIGIN/.. domin sabon ya ajiye saitunansa a gefensa. Wannan mataki shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali idan aka bar shi biyun za su riƙa rubutu a wuri guda, inda ƙamus ɗinka na gyaran kalmomi da samfuran takardunka suke. Duk lokacin da kake son sabon, sai ka buɗe soffice.exe daga cikin jakar. Takardar da ka danna kai tsaye kuwa da tsohon za ta ci gaba da buɗewa.

Malamar lissafin kuɗi, Yamai

Ɗan'uwa, ni abin da zan ja hankalinka a kai shi ne takardun kansu. A 24.8 ne aka ƙara wa Calc, sashen jadawalin lissafi na LibreOffice, dabaru irin su XLOOKUP da FILTER da UNIQUE, kuma 7.6 bai san su ba. Na taɓa shirya jadawalin albashi da sabon a gida, da na kai shi wurin aiki inda tsohon yake, sai gidajen lissafin suka nuna kuskure, na kwana ina sake aikin. Ka yi gwajinka a kan kwafi kawai, musamman kundin da ya fi kowane tsawo da yawan hotuna, ka fitar da PDF daga kowannensu, ka duba ko lambobin shafi da jerin abubuwan da ke ciki sun zo daidai.

Ɗalibi, Tahoua

Baba, idan umarnin ya yi maka nauyi, akwai nau'in da ake ɗorawa a kan kile USB daga shafin PortableApps, sai dai yana da jinkirin buɗewa. Kada lambar ta ruɗe ka: bayan 7.6 aka koma lissafi da shekara da wata, wato 24.8 na watan Agustan 2024 ne.

Mai shagon buga takardu, Tahoua

Allah ya saka muku da alheri. Na bi hanyar Malam mai gyara jiya da dare bayan an maido da wuta, kuma biyun suna buɗewa lafiya. Kundi ɗaya na gwada tukuna, shafukansa sun zo daidai, amma zan bar 7.6 a kan aikin mutane har ɗaliban bana su karɓi nasu.