Katin wuta da kurar ruwa: me kuka rage a gidajenku har kuka ga sauƙi?

Maman Hanif, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka gwada suka gani. Layinmu yana cikin waɗanda ake kira Band A, wato ajin da ya fi tsadar wuta, kuma tun watan Afrilun 2024 da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin yunit daga wajen naira 66 zuwa 225 ba mu sake samun sararin numfashi ba. An ɗan sauko da shi daga baya zuwa ɗari biyu da 'yan kai, amma ai tafiyar ta riga ta yi nisa. In na sa katin dubu goma, bayan an cire haraji, yunit arba'in da huɗu ne da ɗoriya ke shiga mita, kafin in waiga ta fara kuka. Ga ruwa kuma a hannun 'yan garuwa muke saye. Mu takwas ne a gidan har da surukata. Na hana yara barin ƙwai a kunne har maƙogwarona ya gaji, ban ga wani canji ba. Me kuka yi a naku gidajen?

Abu Fadila, mai gyaran wuta, Zariya

Wa alaikumus salam Anti. Ki saki yaran nan su huta, ba ƙwai ne ke cinye miki kati ba, musamman in irin fararen nan ne na LED. Bari in ba ki lissafin da nake yi wa masu gidajen da nake wa aiki. Yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1000 ya yi awa guda yana aiki. Ƙwan LED mai wat 9 sai ya haura awa ɗari kafin ya cinye yunit ɗaya. Butar lantarki kuwa wat 2000 ce, rabin awa ya ishe ta. Hitar da ake tsomawa a bokiti tsakanin 1000 zuwa 1500 take. Dutsen guga wajen 1000 ko sama. Risho na lantarki haka. Duk abin da aikinsa ɗumama wani abu ne, shi ne ɓarawon gidanki. Sai esi, sai firiza in ta tsufa, sai injin jan ruwa.

Ga gwajin da ba ya buƙatar ko sisi. Ki tsaya gaban mita, akwai jar fitila ƙarama da ke ƙiftawa. Yawan ƙiftawarta yawan cin wutar ne. A kashe komai a gidan, sannan a riƙa kunna abu ɗaya-ɗaya kina kallo. Ranar da kika ga yadda take yi in an jona hita, ba sai an yi miki wa'azi ba. In kuma an kashe komai ƙaf amma tana ci gaba da ƙiftawa, to ko wayarin gidan na zubar da wuta, ko wani ya jona daga layinku. Na taɓa tarar da duka biyun a gidajen mutane.

In har akwai sauran tsoffin ƙwai masu wat 60 a ban ɗaki ko zaure, su kam a cire. Goma daga cikinsu in sun yi awa shida sun sha yunit uku da rabi, LED goma kuwa ɗan sama da rabin yunit ne.

Hajiya Babba, Katsina

Yaron nan gaskiya ya faɗa. Ni lokacin sanyi ne kati ke gudu a gidana, saboda kowane jika sai ya tsoma hita, wani ma ya manta da ita har ruwan ya tafasa ya koma surkawa. Na tattara hitocin na kulle a akwati. Yanzu bayan an sauke tuwon dare, garwashin da ya rage a murhu a kansa muke ɗora babbar tukunya, a zuba a manyan filas. Da asuba kowa ya ɗiba ya surka. Da rana kuwa baƙar roba nake cikawa in ajiye a tsakar gida, kafin la'asar ruwan ya yi ɗumin da za a yi wa yara wanka. Iyayenmu ma ai haka suka yi, ba su san wata hita ba.

Maman Hanif, Kano

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Surukata ce mai hitar, sai dai in lallaɓa a ce maigidan ya yi maganar, ni ba na iya buɗe baki.

Hajiya Babba, Katsina

Kar ki bari ya yi magana ma. Ke dai ki riga ta, ki kai mata ruwan zafin a filas tun kafin ta nema. Wa zai ƙi hutu?

Ɗan Haya, Kaduna

Ku da kuke da mitarku ku kaɗai ku gode wa Allah. Gidanmu ɗaki tara ne a kan mita guda. Da can raba kuɗin ake yi daidai, ni mai fanka ɗaya da cajin waya in biya abin da mai sayar da ƙanƙara yake biya da firizarsa biyu. Aka koma lissafin kan kaya, wai firji maki kaza, guga maki kaza. Nan ma aka shiga ɓoye-ɓoye, sai dare ya raba ka ji ƙamshin wake daga ɗakin da aka rantse ba risho. Har gaban mai unguwa aka je.

Abin da ya raba gardamar shi ne ƙananan mitoci da muka haɗa kuɗi muka saya, kowane ɗaki da tasa a bayan babbar mitar. Ba ta kamfani ba ce, lissafi kawai take yi tsakaninmu. Ranar sayen kati a karanta na kowa, kowa ya biya abin da ya sha, injin ruwa da fitilar tsakar gida a raba daidai. Abin mamaki, jimillar abin da gidan ke sha gaba ɗaya ta sauka sosai, domin da mutum ya san aljihunsa ne, da kansa yake tashi ya kashe fanka in zai fita. Mai ƙanƙara ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya ƙara naira kaɗan a kan ledar ƙanƙararsa, zance ya mutu.

Baba Ɗanlami, Gusau

Ni tambayata daban ce. Ba mu da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo mana. Ko na kwana a duhu ko na kunna komai, takardar ɗaya ce. To me zan rage?

Abu Fadila, mai gyaran wuta, Zariya

Baba, a wajenka tsimin wuta ba zai taɓa takardar ba sai ka sami mita, wannan ita ce gaskiyar. Ka nemi cike fom ɗin mita a ofishin da ke kula da yankinku. Kafin nan ka sani hukumar NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, ya danganta da layin da yake kai, saboda haka in takardar ta yi tsalle kana da damar kai ƙorafi a rubuce. Amma tsimin na da amfani a wani gefen: janareta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, duk abin da ka rage a kan inji kuɗi ne a aljihu. Kar a yi guga da janareta, a tara kaya a goge lokacin da aka kawo wuta.

Kuma don Allah, in wani ya zo ya ce zai zagaye maka mita, ka sallame shi. Sata ce, doka na hukunta ta, kuma irin haɗin nan na ɓoye yana cikin abubuwan da ke tayar da gobara.

Anti Larai, Jos

Bari in shigo ta ɓangaren ruwa, don mu nan ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Muna da rijiyar burtsatse da tanki a sama, sai mutum ya ɗauka ruwan kyauta ne, alhali kowane ɗigo da wuta aka hau da shi. Tankinmu kullum sai ya cika ya yi ta ambaliya kafin wani ya tuna ya kashe inji. Muka sa wani ɗan makunni mai yawo a saman ruwan, da tanki ya cika shi ke kashe injin da kansa. Kuɗinsa bai kai katin mako guda ba.

Na biyu, masan zamani. Mai gyaran famfo ne ya nuna mini: a zuba bular wanki a cikin ɗan tankin bayan masai, a bar shi ba a ja ba. In an dawo an ga shuɗi ya sauko ƙasa, to robar ciki ta mutu, ruwa na silalewa dare da rana ba ƙara. Biyu daga cikin namu haka suke. Kuma ko lafiyarsa ƙalau, jan ruwa ɗaya lita shida zuwa tara ne, tsofaffin ma sun fi haka. Na cika gorar lita ɗaya da rabi da yashi na rufe na ajiye a cikin tankin, kowane ja an rage wannan adadin, kuma yana wankewa tas.

Ummu Sadik, Kano

Maman Hanif, mu ma a hannun 'yan garuwa muke. A unguwarmu in an daɗe ba wuta jarka kan ninka kuɗi, don masu burtsatsen da dizal suke ja, ba laifin masu turo kura ba ne. Abin da na yi shi ne na daina barin ruwa ya yi aiki ɗaya ya tafi. Ruwan ɗaurayar wanki na ƙarshe shi ke goge ɗaki da wanke ban ɗaki. Wanda aka wanke shinkafa da kayan miya da shi yana zuwa gindin zogale da na'a-na'a. Wanke-wanke a roba biyu, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya, ba a zuba wa kwano ruwa daga jarka kai tsaye. Wanki kuma rana ɗaya ake haɗa na kowa, a fara da farare a ƙare da masu duhu a ruwa guda.

Da damina kuwa na sa an gyara indararo, ganguna biyu nake tarawa. Ruwan farko da ya wanke kwano a bar shi ya zube, na bayansa shi ake tara, a rufe da kyau saboda sauro. Wanki da wanka duk da shi, sai na sha da girki kawai nake saye.

Abin da ya fi ba ni wahala 'yan mata ne da wanka. Na sauya musu babban bokiti da madaidaici, aka yi ta ƙunƙuni, yanzu sun saba.

Malam Isufu, Maraɗi

Salamu alaikum 'yan Najeriya. Mu nan darasinmu ya zo a watan Agustan 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa mana daga wajenku bayan juyin mulki, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. A wannan tsakanin mutane da dama suka koma sola, ko da ɗan faranti ɗaya ne da batir da fanka mai caji. Da wutar ta dawo ban koma yadda nake da ba. Fitilu da fanka da cajin salula suna kan sola, firji kaɗai da guga ke kan wutar gwamnati, takardar wata ta sauka da jikkuna masu yawa.

Ruwan famfo kuma a wajenmu da mita yake, kuma kuɗin hawa-hawa ne: kubik goma na farko (kowane kubik lita dubu ne) da rahusa, in ka haura sai farashin ya hau. Shi ya sa gidan da ke sayar wa maƙwabta ko ake haɗa iyalai da yawa a famfo ɗaya ke ganin takarda mai nauyi. Ni na sa yara alwala da buta, ba a bakin famfo ba. Ya zo a hadisin Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, kuma malamai sun ce mudun nan bai kai lita ba. Mu kuwa sai mutum ya sake famfo yana zuba tun daga wanke hannu har ƙafa.

Ruwan sanyi kuma randa muka dawo da ita, an ɗora a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ta rage buɗe firji da yara ke yi kowane lokaci.

Ɗan Haya, Kaduna

Malam, sola ai sai mai hali. Batirin kaɗai ya fi albashina.

Malam Isufu, Maraɗi

Ɗan'uwa, ba babbar nake nufi ba. Ƙaramar da ke ɗaukar ƙwai uku da fanka, akwai masu bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Sai dai ka lissafa jimillar abin da za ka biya kafin ka sa hannu, wani lokacin ya kusa ninka kuɗin hannu.

Abu Fadila, mai gyaran wuta, Zariya

Tun da an ambaci firji: Anti Maman Hanif, ki sa takardar kuɗi a bakin ƙofarsa ki rufe, ki ja. In ta zame ba wuya, robar ƙofar ta saki, sanyi na fita, injin ba ya hutawa. A janye shi daga jikin bango kamar taƙi guda, kar ya zauna kusa da murhu ko inda rana ke duka, kar a sa abinci da zafinsa, in ƙanƙara ta yi kauri a ciki a narkar. Firjin gwanjo da ya tsufa na iya shan ninkin na sabo. Esi kuma in akwai, a sa shi a digiri 25 ko 26 a haɗa da fanka, a wanke ragarsa, ba a 16 ba. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana shan wajen yunit ɗaya a awa, fankar sama kuwa wat 70 ce kacal.

Maman Hanif, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin mitar. Da aka kashe komai ta tsaya cak, alhamdu lillahi ba mai jan mana. Hita da tsohuwar firizar da ke baranda su suka fi sa ta rawa, kuma takardar da na sa a ƙofar firizar faɗowa ta yi da kanta. Malam Abu Fadila, robar kaɗai ake sauyawa, ko sai an kai ta wajen mai gyara gaba ɗaya?

Abu Fadila, mai gyaran wuta, Zariya

Robar kaɗai, Anti. Mai gyaran firji zai zo gida ya auna ya sa wata. Ki ce masa ya duba gas ɗinta tun da ya zo, kuma a dawo da ita cikin inuwa.