Huji huɗu na yi, noti biyu suka ƙi shiga

Mai Walda, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Jiya na sha kunya. Wani manomi daga Ajiwa ya kawo in yi masa mazaunin injin ban ruwa, farantin ƙarfe mai kaurin mili 8, huji huɗu. Na auna da tef, na ja layi da alli, na huda a diril na tsaye. Da muka ɗora injin, noti biyu suka shiga, biyu suka ƙi. Haka na duƙa da magagari ina faɗaɗa huji, mutumin na tsaye a kaina bai ce uffan ba. Ku da kuka daɗe a harkar, ina na kuskure?

Baba Maƙeri, Daura: Wa alaikumus salam. Ɗana, allin ne ya cuce ka. Layin alli kaurinsa kan kai mili 2, to a ina cikinsa za ka dasa bakin diril? Mu shafa allin muke yi a fuskar ƙarfen, sannan mu ja layi a kai da tsinin ƙarfe, siriri kamar gashi. Inda layi biyu suka gicciye, nan ake sa fonci, wato ƙarfe mai tsini da ake bugawa ya bar ɗan rami inda bakin diril zai zauna. Nawa ƙusar kankare ce na wasa a giranda, ta fi shekara biyar a aljihuna. Bugun farko a hankali, ka ɗaga ka duba. In ya kauce, karkata foncin ka koro alamar zuwa mahaɗa, sannan ka buga da ƙarfi. Kuma duk awonka ya tashi daga gefe ɗaya da ka tabbatar miƙaƙƙe ne. In kana aunawa daga huji zuwa huji, kuskuren na fari zai hau kan na biyu.

Malamin Ƙere-ƙere: Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Babban baki tsakiyarsa ba ta yanka, murza ƙarfe take, shi ya sa yake yawo kafin ya kama. Fara da na mili 3 ko 4, sannan ka bi da babba. Noti mai mili 10 kuma hujin mili 11 ake yi masa. Ɗalibaina nakan sa su zana da'ira da kamfas kewaye da alamar, su taɓa da bakin diril kaɗan su ɗaga. In ramin bai zauna tsakiyar da'irar ba, tun nan ake gyara.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Ni nawa tabo ne. Ina yaron shago, oga ya ba ni fallen ƙarfe in huda, na ce wannan ɗan abu ai hannu ya isa. Lafiya lau har bakin ya zo ɓullewa ta ƙasa, sai ya cafke fallen ya juya da shi kamar fanka. Kafin in kai ga makunni ya tsaga min tafin hagu, jini har kan takalmi, sai da aka yi ɗinki. Oga, Allah ya jiƙansa, bai yi faɗa ba, bais, wato abin matse ƙarfe, kawai ya nuna min da baki. Yanzu ko ɗan ƙanƙanin ƙarfe ne sai na matse shi, bais ɗin ma a ɗaure yake da teburin diril. Falle kuwa katako nake sa masa a ƙasa, kilam biyu, wato maɗamƙai, a sama, kuma ina sassauta dannawa in na ji ya kusa ɓullewa. Dogon ƙarfe ina jingina wutsiyarsa da ginshiƙin diril ta hagu. Yallabai Mai Walda, kai da me ka riƙe naka?

Mai Walda, Ƙofar Ƙaura: Yaro ne ya danne min da hannu biyu.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Subhanallahi! To ka gode Allah huji kawai ka ɓata. Motsin da farantin ya yi a hannunsa ma ya isa ya kautar da hujin.

Bakanike, hanyar Jibiya: Aikin irin naka ni ba na ma ɗaukar tef. Kwali nake shimfiɗawa a gindin injin, in bi bakin kowane huji da kan guduma mai ƙwallo ina ƙwanƙwasawa, kamar yadda muke yanka gasket. Hujin na fitowa a kwalin daidai, sai in manna a farantin in buga fonci a tsakiya. Kawai ka rubuta «sama» a fuskar kwalin, don ni na taɓa kifa shi, hujin duka suka fito a juye.

Mai Walda, Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar Asabar zai kawo na ƙanensa. Baba, ƙusar nan wane irin tsini kake yi mata?

Baba Maƙeri, Daura: Gajere, kamar kusurwar sukwaya. In ya yi tsawo karyewa yake. Ka riƙa tsoma ta a ruwa kana wasawa, kar ta yi shuɗi ta yi laushi.