Edifier sabuwa ko sifikokin gwanjo da ƙaramin amfilifaya: wanne ya dace da gidan da ke kan sola?

Musa daga Garki:

Assalamu alaikum. Masana kayan sauti, shawara nake nema. Gidanmu a ƙauye yake, ƙasar Garki ta Jigawa. Wutar gari ba ta cika zama ba, da sola muke dogaro: batir ɗaya na 12V 100Ah da ƙaramar inbata. Ɗakin bulo ne, ƙafa 12 da 14, rufin kwano da silin, daɓen siminti.

Tagwayen sifika kashi biyu aka nuna mini a Sabon Gari, Kano, kuma kuɗinsu ya kusa zuwa ɗaya. Na farko Edifier R1280DB sabuwa a kwali. Na biyu sifikokin gwanjo na tsohuwar rediyon Sony mai CD, an rubuta 6 om (ma'aunin juriyar wuta) a bayansu, wufarsu, wato babban bakin da ke fitar da bes, ta kai inci 6 da rabi, sai dai ba su da amfilifaya, za a haɗa mini da ƙaramin allon amfilifaya mai suna TPA3116. Abin da nake ji shi ne waƙoƙin kalangu da goge, ƙasidu, karatun Alƙur'ani, sai waƙoƙin zamani jifa-jifa. Ba na biki nake nema ba, na zaman ɗaki ne. Wanne zan ɗauka?

Malam Habu, mai gyaran rediyo, Gumel:

Wa alaikumus salam, Malam Musa. Ka fara da wutar da za ta ciyar da su kafin maganar daɗin sauti, domin a nan waɗannan biyun suka rabu.

Edifier amfilifayarta na cikin akwatin dama, kuma wutar soket take ci. Ma'ana duk lokacin da za ka ji waƙa sai inbata ta tashi. Ƙananan inbatoci da yawa suna cin wat 10 zuwa 25 don kansu ko ba a jona komai ba. Ka ɗauka inbata da sifika sun haɗu sun ci wat 25: cikin awa 5 an zuƙe kusan 10Ah. Batirinka na 100Ah kuwa rabinsa ne naka, idan kana son ya yi shekaru. Sannan idan inbatar ba mai tsaftatacciyar wuta ba ce, irin masu arahar nan da fanka ke gurnani a kansu, za ka iya jin "zzzz" a ƙarƙashin waƙa, kuma ba maɓallin da zai cire shi.

TPA3116 kuwa kai tsaye yake shan wutar batir, daga 4.5V har 26V. A sauraron ɗaki, abin da yake ci bai cika wuce wat 5 ba, wato awa 5 kusan 2Ah. Ka ga ratar.

Amma kada rubutun "50W + 50W" da ke jikin allon ya ruɗe ka. Wannan sai an ba shi wuta sama da 20V da sifika mai 4 om. A kan 12V da sifika mai 6 om, abin da zai bayar kafin sauti ya fara fashewa kusan wat 12 ne kowane ɓangare. Da 8 om ce, kusan 9. Ranar da aka kawo wuta, cajar kwamfuta mai 19V za ta kai shi kusan wat 30. Wat 12 ɗin ma ya ishi ɗakin ƙafa 12 da 14 har maƙwabta su ji, tunda ninka wat sau biyu ƙarin 3dB kawai yake kawowa a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. A gidan da batir ɗaya ke riƙe da fitilu da cajin waya, ni na gwanjon zan ɗauka.

Injiniya Bello, Ringim:

Lissafin Malam Habu daidai ne, ba abin da zan cire. Amma ban yarda a yanke hukunci a kan wuta kaɗai ba, domin Malam Musa ya faɗi abin da yake saurare, kuma kusan duka murya ce.

Ƙasida da karatu da waƙar kalangu suna zaune ne a tsakiyar sauti. Fitar harafi, bambancin "s" da "sh", numfashin mai karatu, kaifin goge, duk a nan suke da ɗan sama. Edifier ɗin tana da wufa inci 4 da tuwita (ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti) ta siliki mai milimita 13, wat 21 kowane ɓangare, kuma masana'anta ɗaya ce ta daidaita amfilifaya da sifikar. Muryar mutum tana fita a cikinta a sarari, ba ta toshe ba. Ga Bluetooth, ga rimot, ga maɓallan bes da tirebul a gefe, ga ramukan jona talabijin. Rauninta a bayyane yake: inci 4 ba zai ba ka dukan ƙirjin nan na waƙoƙin zamani ba, kuma idan ka murɗa bes zuwa ƙarshe don ka tilasta mata, sautin wufar ne zai fara fashewa.

Sifikokin tsofaffin rediyoyi masu CD an yi su ne don su burge mai saye a shago. Fuskar wufa inci 6 da rabi ta ninka ta inci 4 fiye da sau biyu, saboda haka tana tura iska sosai, ganga ta cika ɗaki. Sai dai da yawansu akwatin siririn katako ne, bes ɗin ya yi ta "bum-bum" yana rufe murya, kuma abin da ke raba sauti tsakanin wufa da tuwita sau da yawa ɗan ƙaramin kayan lantarki ne ɗaya tak da ake kira kafasito. A ɗakin siminti mara kafet wannan bes ɗin zai ninku, ka rasa kalmomin waƙa. Akwai masu kyau a cikinsu, amma sai an tona.

Don haka idan inbatarka mai tsaftatacciyar wuta ce, kuma dama tana kunne da dare saboda fanka ko talabijin, asarar da Malam Habu ya lissafa ka riga kana biyan ta, Edifier ƙarin kaɗan ne a kai. A wannan hali ita zan ce ka ɗauka.

Musa daga Garki:

Na gode, Malam Habu da Injiniya. Inbatar tamu irin mai gurnanin ce, kuma ba ma kunna ta sai da dalili, fitilunmu duka na 12V ne. Ke nan na karkata ga na gwanjon. To ta yaya zan gane lafiyayyu kafin in biya, kuma me zan kiyaye wajen haɗawa?

Malam Habu, mai gyaran rediyo, Gumel:

Ka tafi da mitar awon lantarki da batirin tocila ɗaya na 1.5V.

Cire ragar gaba. Dubi zoben da ya kewaye takardar wufa. Idan na soso ne, taɓa shi da yatsa: wanda zafi ya cinye zai marmashe ko ya manne maka a hannu. Na roba ko na ƙyalle ya fi jure yanayinmu. Sa yatsu huɗu kewaye da tsakiyar wufar, ka danna a hankali kuma daidai. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. Idan ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a ciki, kwayil ɗin, wato naɗin wayar da ke cikin wufa, ya taɓa ƙonewa ko ya karkace, ka bar ta komai arahar ta.

Sa mita a kan om. Sifika mai 6 om takan nuna tsakanin 4 da 5 da ɗoriya, hakan daidai ne. Abin dubawa shi ne biyun su nuna kusan abu ɗaya. Idan ɗaya ta ce 4.6 ɗaya ta ce 7, an taɓa canza wufa ko an sake naɗa kwayil, kuma ba za su yi sauti iri ɗaya ba. Sai batirin tocila: taɓa kansa a jan wurin jona waya na sifikar, gindinsa a baƙin, na ɗan lokaci. Wufa ta turo waje. Duka biyun su turo ɓangare ɗaya. Idan aka juya wayar ɗaya, bes zai ɓace, murya ta rasa tsakiya, mutum ya yi ta zargin amfilifaya a banza.

Tuwita kuwa sai da waƙa. Kara kunnenka a kanta ka rufe wufa da tafin hannu. Wasu akwatunan tuwitar ado ce kawai, ba waya a bayanta. Idan ta gaske ce amma shiru, a duba kafasiton da ke kan wayarta kafin a ce ta mutu. Yawanci tsakanin 2.2 da 4.7µF ne, mara kai da gindi, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Wajen haɗawa, abubuwa huɗu ke kashe wannan allon. Juya wayar batir: sau ɗaya ya isa, don haka ka yi wa jar waya alama, ka sa fis na 5A kusa da kan batir. Haɗa baƙaƙen wayoyin sifika biyu wuri ɗaya, ko jona su da gindin batir: a TPA3116 kowace waya daga cikin huɗun tana ɗauke da wuta, dole kowace ta tafi ita kaɗai. Gashin waya ɗaya da ya tsallaka ya taɓa maƙwabciyarsa: murɗe bakin wayar sosai kafin ka ɗaure. Na huɗu, idan wata rana ka koma batir biyu da ke haɗuwa su ba da 24V, kada ka jona shi kai tsaye, domin lokacin caji wutar tana haura 28V, ta wuce iyakarsa. A kan 12V ba damuwa, ko caji ya kai 14.4V.

Waya mai kauri 1.5mm ta isa, ga batir ga sifika. Ka nemi allon da ke da Bluetooth a jikinsa da faffaɗan ƙarfen sanyaya. Dalilin Bluetooth ɗin: idan ka jona wayar salula da igiya alhali tana caji daga wannan batirin, za ka ji wani siririn kuka a sifika. Cire cajar, zai ɗauke.

Aminu, Ɗambatta:

Yallaɓai Musa, ƙari kaɗan a kan gwaji da ajiya, kowanne ka saya.

A shago kada ka bari a gwada maka da waƙar mai shago. Tafi da naka guda uku: karatu, kalangu, da ta zamani, kuma masu kyawun ɗauka, ba waɗanda aka yi ta turawa a WhatsApp har suka dushe ba. Mayar da bes da tirebul tsakiya, ka sa ƙarfin biyun ya zo ɗaya, domin wadda ta fi ƙara kullum ita kunne ke zaɓa ko ba ta fi kyau ba. Ka saurara a ƙarfin da za ka ji a ɗaki da dare, ba na kasuwa ba.

A gida kada su zauna a ƙasa ko a kusurwa. Kusurwa ce ke haifar da "bum-bum" ɗin da Injiniya ya ambata. Ɗora su a kan kanta ko benci, tuwita daidai kunnenka a yadda kake zama; idan a tabarma kake zama, benci gajere ya isa. Tsakaninsu mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kai ma nisanka da kowace haka, ka ɗan karkato fuskarsu gare ka. Idan ramin iskar akwatin a baya yake, bar santimita 20 zuwa 30 tsakaninsa da bango. Idan bes ya ci gaba da rufe murya, cusa tsohuwar safa a ramin, zai ragu nan take. Kafet ko tabarma a tsakar ɗaki da labule mai kauri a taga suna rage amsa-kuwwar siminti fiye da duk wani maɓalli.

Akwatunan duka biyu na matsattsen garin katako ne. Danshin damina yana kumbura shi, gara kuma tana cin sa, don haka kada ya jingina da bango ko ya taɓa daɓe. Da hunturu ka bar ragar gaba a jiki, ka rufe su da ƙyalle idan ba a amfani, ka share wufa da busasshen burushi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Ramin iskar nan zanzaro na son gina ɗaki a ciki, kyankyasai ma suna shiga. Ɗaure masa guntun gidan sauro da roba, iska za ta wuce, su ba za su wuce ba. Allon amfilifayar kuma a sa shi cikin akwatin roba mai huji-huji a gefe, nesa da taga da hannun yara.