Me ya sa fulash yake doke sitiret a foka?

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina kallon gasar wasan karta na foka ta duniya da ake yi a Las Vegas a YouTube, har na sa wasan a waya, na ƙwandalan wasa ba na kuɗi ba. Abin da ya ɗaure mini kai: ina da 5, 6, 7, 8, 9 a jere, wato sitiret, wani ya fito da 2, 4, 9, Jak da Sarki, lambobin a warwatse, don dai duk masu alamar zuciya ne, wato fulash, sai kwamfuta ta ba shi nasara. A ganina jera lamba biyar ya fi wuya. Wa ya tsara haka?

Mai Lissafi:
Wa'alaikumus salam. Ƙane, lissafi ne ya tsara: hannun (wato haɗin kati biyar) da ya fi wuyar samu shi ne babba. Kati 52 ne, kuma ana iya zaro biyar ta hanya 2,598,960. A cikinsu sitiret ya kai 10,200, fulash kuwa 5,108 kacal. Sitiret bai damu da alama ba, wato zanen da ke jikin kati kamar zuciya ko daimon; 7 ɗin da kake nema huɗu ne a cikin karta, kowanne ya zo ya wadatar. Fulash dole duka biyar su fito daga kati 13 na alama guda.

Sama da fulash sai ful hawus, uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya, 3,744. Sai huɗu iri ɗaya, 624. Sai wanda ya haɗa jeri da alama guda, 36. Sarkinsu duka shi ne 10, Jak, Sarauniya, Sarki da As na alama ɗaya, hanya 4 tak. Ƙasa da sitiret kuma sai uku iri ɗaya, tagwaye biyu, tagwaye ɗaya, sannan babban kati. Ni wannan ne ma yake burge ni a wasan, ba a yi son rai a tsarin ba.

Baban Ummi:
Malam ya gama magana. Sai dai ka kula da As, yana zama babba bayan Sarki, yana kuma zama 1 a jerin As, 2, 3, 4, 5. Amma ba ya zagayowa: Sarauniya, Sarki, As, 2, 3 ba sitiret ba ne. Kuma in ku biyu kuna da tagwayen Sarki, kai da 10 a gefe, shi da As, shi ya ci. In katinku biyar sun yi daidai a lamba, rabawa ake yi, a nau'in foka na Texas Hold'em zuciya ba ta fi daimon ba.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. To ko'ina haka tsarin yake?

Mai Lissafi:
A'a. Akwai nau'in da ake cire 2 zuwa 5, kati 36 ya rage. Kowace alama ta koma 9, fulash ya ƙara wuya, don haka a can yawanci shi yake doke ful hawus. Duba dokar wasan da ke wayarka kafin ka zauna.