Mun rufe wa Baba shago don ya huta, yanzu kuma ya koma wani iri

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana, shawara nake nema a kan mahaifinmu.

Baba tela ne a Fagge, tun kafin a haife ni yake kan keke, yanzu ya haura 70. Bara aka yi masa aikin yanar ido, to da ma mun daɗe muna jin nauyi, mu biyar kowa da abin yinsa amma tsohonmu yana duƙe yana taka Butterfly har isha'i, in azumi ya kama kuwa ɗinkin sallah ya taru sai ya kwana a shago. Sai muka zauna muka lissafa abin da yake samu a wata muka ninka, muka ce za mu riƙa tura masa, shagon kuma muka bar wa babban yaronsa. Ya ce to, Allah ya yi muku albarka. Bai ƙara ko uffan ba.

Wata biyar ke nan. Kuɗin suna nan jibge a akawun. Abinci sai Hajiya ta yi ta lallami, mutumin da in ya dawo masallaci da asuba ba ya komawa gado yanzu har goma yana kwance. Abin da ya karya min zuciya, ran Juma'a na shiga ɗakinsa na tarar ya warware kalmasar wandon makarantar jikansa, wadda lafiyarta ƙalau, yana sake ta da allurar hannu, tef rataye a wuya. Yana ganina ya cusa ƙarƙashin filo kamar yaro ya yi ɓarna. Yaya ya ce sabo ne zai wuce, ni dai hankalina bai kwanta ba. Mu mayar da shi ne ko mu ƙara haƙuri?

Tsohon hedimasta:
Ɗana ni na sha wannan ruwan. A aikin gwamnati ka cika 60 ko ka yi 35 kana aiki shi ke nan sai gida, dokar da ta ɗaga wa malamai zuwa 65 a 2022 ta zo bayan na fita. Litinin ɗin farko na yi wanka na sa kaya ƙarfe bakwai, na fito ƙofar gida sai na tsaya, yara suna ta wucewa da yunifom ni ban san inda zan nufa ba. Wallahi ranar ko ta kan fansho ban bi ba. Ku kuɗi kaɗai kuka lissafa, to ku ɗauko biro ku sake: mutum nawa yake gaisawa da su daga gida zuwa shago, yanzu nawa? Sau nawa a rana ake cewa Alhaji duba min wuyan nan? Wa zai kira shi in bai fito ba? In kun haɗa ku gaya min ko abin da kuke turawa ya biya.

'Yar Gwammaja:
Ni nas ce. Ƙanena ƙin cin abinci da yawan kwanciya da janye jiki daga mutane a wurin tsoho ba a cewa zai wuce, yana iya zama ciwon damuwa, ku kai shi a gan shi, a haɗa da awon jini da suga. Batun ido kuma likitan da ya yi aikin za ku tambaya, da yawa bayan an cire yana sun ma fi gani, tabarau kawai ake ba su.

Uwar gida daga Maraɗi:
Ni fa ban ga laifinku ba, kar a sa ku jin kun yi zunubi. Namu tsohon haka muka yi ta bin ra'ayinsa har ya yanke jiki ya faɗi a gona da rana tsaka. In ma zai koma to da sharaɗi, ban da kwanan shago.

Almajirin zaure:
Allah ya saka muku, niyyarku mai kyau ce. Amma a Bukhari ya zo cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawud (AS) daga aikin hannunsa yake ci, alhali sarki ne. Akwai kuma na Musnad Ahmad, ko alƙiyama za ta tsaya in akwai dashen dabino a hannunka ka dasa. Sannan malam ka ce kun zauna kun lissafa, shi ɗin yana wurin? Ko maganar mutane kuka yi wa magani?

Ƙaramin tela:
Yallaɓai ku ba shi teburin yanka kawai. Taka keke ne ke cin baya da ido, wannan mu yara za mu yi, amma yankan babbar riga a fitar da ita ba a ɓata shaddar mutane ba sai tsohon hannu, mu da kanmu neman irinsu muke. Ya zo da hantsi ya tashi da azahar.

Mai tambaya:
Na gode kwarai, malam maganarka ta dake ni don gaskiya ba ya wurin, sanar da shi kawai muka yi. Jiya bayan magariba na zauna da shi na ce Baba da za ka riƙa leƙa shago da safe fa? Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, can sai ya ce almakashina babba yana hannun wa, kar dai yaran nan sun yanka takarda da shi. Asibiti Talata in sha Allah. Yaya ne har yanzu bai sauko ba, wai me mutane za su ce, wanda ya san yadda zan ɓullo masa ya taimaka don shi in ya kafe sai Hajiya.