Ƙanena a Tech yana ta faɗuwa jarrabawa, an ambaci ADHD: ina za mu fara?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana shekara ta biyu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da ake kira Tech, kwas biyu ya faɗi a zangon da ya wuce. Idan ana bayani da baki yana ganewa sarai, amma lokaci na ƙare masa a ɗakin jarrabawa, ranar miƙa aiki kuma takan wuce bai sani ba. A gida wasu na cewa lalaci ne, wasu na cewa a kai shi ruƙiyya. Wani malaminsa ya ambaci ADHD, wato matsalar rashin iya tattara hankali. Ina za mu fara a nan Kumasi?

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A ci gaba da addu'a, amma a je a auna shi. Ya fara da cibiyar ba da shawara ta KNUST, su tura shi sashen tabin hankali na asibitin Komfo Anokye idan da buƙata. Kada sunan sashen ya firgita ku. ADHD ba hauka ba ne, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe hankali da tsara lokaci.

Likita zai nemi abu uku: alamomin sun bayyana kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata shida, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da aji. Saboda haka ku tafi da katunan sakamakonsa na firamare, musamman inda malamai suka rubuta ra'ayinsu, kuma mahaifiyarku ta raka shi, ita ce ta san ƙuruciyarsa. Idan matsalar a jami'a ta fara, a duba ƙarancin barci, ƙarancin jini, damuwa da ciwon maƙoƙo, domin duk suna wargaza hankali.

Anti Nas:
Ƙanwata, maganarki cewa yana ganewa da baki amma takarda na ba shi wuya ta tsaya mini. Wannan na iya zama disleksiya, wato wahalar karatu da haɗa baƙi, kuma sau da yawa tana zuwa tare da ADHD. Ba ta da ƙwayar magani. Masanin halayyar ɗan Adam ne ke auna saurin karatunsa da rubutunsa. A fara gwada idonsa da kunnensa.

Ina roƙonku, kada ya karɓi ƙwayar karatu daga abokan ɗaki. Methylphenidate, maganin ADHD, likita ne kaɗai ke rubuta shi bayan ya auna hawan jini da bugun zuciya. Yana rage cin abinci, yana hana barci idan an sha da yamma. Tramol kuwa, wato tramadol, maganin rage ciwo, ba ya ƙara wa kowa natsuwa, jaraba kawai yake jawowa.

Baban Ayigya:
Inda iyalai ke yin asara shi ne bayan an samu rahoton likita: sai a ajiye shi har makon jarrabawa, lokacin an riga an raba ɗakuna da masu tsaro. A makon farko na zango ya rubuta wasiƙa zuwa ofishin shugaban harkokin ɗalibai, kwafi ga shugaban sashensa da jami'in jarrabawa, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ya ambaci dokar naƙasassu ta 2006, Act 715.

Kada ya rubuta "a taimaka mini" kawai, ba mai iya aiki da wannan. Ya faɗi abin da yake so: ƙarin minti 15 a kowace awa, ƙaramin ɗaki marar hayaniya, izinin naɗar lacca a waya, da samun takardun darasi kafin aji. Likita ya sa waɗannan a rahotonsa, don abin da aka rubuta shi ake dubawa. Kuma, Hajiya, a nemi yardar yaron kafin a gaya wa kowa, lafiyarsa sirrinsa ce.

'Yar Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Katunan suna wajen Mama, ran Litinin za su je.